Waya a Hannun Ɗan Gadarif: Kafafen Sada Zumunta, Mutunci da Tambayar Asali

Yaron da aka haifa a unguwannin Hausawan Gadarif a 2008 ya zo duniya ne a shekarar da iyayensa suka fito kan titi suna neman a yarda cewa su ’yan ƙasa ne. A shekarar ce wata jarida ta birnin Hartum ta buga wasu kalamai da aka danganta wa shugaban Sudan na lokacin, Umar al-Bashir, masu nuna cewa Hausawa baƙi ne a ƙasar. Hukuma ta musanta, amma magana zarar bunu ce. Aka yi zanga-zanga a Gadarif, aka yi arangama da jami’an tsaro, aka rasa rayuka. Wannan yaro yana da shekara 14 a watan Yuli na 2022, lokacin da rikici ya ɓarke tsakanin Hausawa da maƙwabtansu a jihar Shuɗin Nilu, bayan taƙaddama a kan neman da Hausawan suka yi na a ba su sarautar gargajiya tasu. Sama da mutum 100 suka mutu a watan, aka sake kashe wasu masu yawa a Wad al-Mahi a Oktoba. Yaron bai jira labarin rediyo ba. A allon waya ya ga hotunan gawawwaki, ya kuma karanta abin da wasu ke rubutawa a ƙarƙashinsu game da ƙabilarsa. Yana da shekara 15 yaƙi ya tashi a Hartum ranar 15 ga Afrilu, 2023, aka rufe makarantu, da yawa daga cikinsu suka koma masaukin waɗanda suka gudo.

Duk mai son ya yi magana a kan illar Facebook ko TikTok ga wannan yaro, daga nan ya kamata ya fara. Ra’ayin wannan muƙala shi ne cewa waya ba ita ta ƙirƙiro raunin da ke zuciyar matashin Bahaushen Sudan ba. Ta tarar da raunin ne, tana fama shi a wasu lokuta, tana kuma sa masa magani a wasu. Saboda haka shawarar da aka fi ji a bakin manya, wato a ƙwace wayar a huta, ba za ta warkar da komai ba.

Abin da masana suka gano

Tun a 1954 masanin halayyar ɗan’adam Leon Festinger ya bayyana cewa mutum yana auna kansa ne ta hanyar kwatanta kansa da wasu, musamman idan babu wani ma’auni tsayayye a gabansa. A 1995 Roy Baumeister da Mark Leary suka kafa hujja cewa buƙatar mutum ta ya ji shi na cikin wasu ne tana cikin buƙatu na asali. Kafafen sada zumunta sun haɗa waɗannan abubuwa biyu a wuri guda, suka kuma sa musu lamba: mabiya nawa, masu yabo nawa, masu kallo nawa. A 2021 wata tsohuwar ma’aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida na kamfanin, inda aka ga binciken da ya nuna cewa cikin ’yan matan da ke jin rashin gamsuwa da surar jikinsu, kusan ɗaya cikin uku ta ce Instagram yana ƙara mata damuwar. A watan Mayu na 2023 babban jami’in lafiya na Amurka, Vivek Murthy, ya yi gargaɗin cewa babu isasshiyar hujjar da za a ce waɗannan kafafe ba su da haɗari ga yara. Ostareliya ta wuce kowa, domin a Nuwamba 2024 majalisarta ta zartar da dokar hana ’yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a manyan kafafen.

Sai dai masana ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Amy Orben da Andrew Przybylski na Jami’ar Oxford sun nazarci bayanan matasa sama da 350,000 na Amurka da Birtaniya, suka wallafa sakamakon a 2019. Abin da suka samu shi ne alaƙar amfani da na’ura da walwalar matashi ƙarama ce ƙwarai, ba ta wuce kashi 0.4 cikin ɗari na bambancin da ake gani tsakanin matasa ba. Littafin Jonathan Haidt na 2024, wanda ya ɗora wa waya alhakin damuwar da ta addabi matasan Yamma, ya samu karɓuwa a wajen iyaye, ya kuma sha suka daga masu cewa faruwar abubuwa biyu a lokaci guda ba ta tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifi ɗayan.

Abin lura ga ɗalibin Hausa shi ne duk waɗannan bincike an yi su ne a kan yaran da ba a taɓa tambayar su takardar shaidar kakansu ba. Damuwar ’yar Landan ita ce ko tana da kyau. ’Yar Gadarif tana da wannan damuwar, tana kuma da wata a bayanta, wadda ta gada.

Kalmar da Hausa ba ta ware ba

Masu fassara kan sha wahala idan suka zo kan abin da masana halayya ke nufi da ganin ƙimar kai. “Girman kai” aibi ne. “Ji da kai” ma ba yabo ba ne. “Yarda da kai” ta fi kusa, amma ta fi karkata ga ƙarfin hali wajen aikata abu. Kalmar da Bahaushe ya fi riƙewa ita ce mutunci, kuma duba yadda ake amfani da ita: a kan ci mutuncin mutum, a kare masa shi, a gan shi da shi, ko shi da kansa ya zubar. Kusan duk fi’ilan suna buƙatar mutum na biyu. A laccar da Anthony Kirk-Greene ya gabatar a kan “mutumin kirki”, wadda aka buga a 1974, ya jero mutunci tare da kunya da ladabi da haƙuri da karamci cikin siffofin da Hausawa ke auna nagarta da su, kuma galibinsu siffofi ne da ba sa bayyana sai a idon jama’a. Ke nan a tunanin Bahaushe darajar mutum ajiya ce a hannun mutane.

Wannan yana da muhimmanci ga batun da ake kai. Al’adar da ta riga ta damƙa ƙimar mutum ga idon jama’a ta fi saurin jin zafi idan aka sauya jama’ar. A da masu riƙe da mutuncin yaro sanannu ne: iyaye, malamin allo, sa’o’insa na dandali, dattawan ƙofar masallaci. Sun san gidansu, suna kuma jin kunyar ubansa, don haka ko za su tsawata akwai iyaka. Yanzu ajiyar ta koma hannun dubban mutanen da ba su san shi ba, ba kuma za su haɗu da shi a jana’iza ko suna ba. Su ma kalmomin da aka zaɓa wa abin a Hausa, “kafafen sada zumunta”, sun yi masa kyakkyawan zato. Zumu ɗan’uwa ne. Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take, domin sai an taka an je. Wanda ya danna alamar yabo daga nisan kilomita dubu bai taka ko’ina ba, kuma gobe yana iya danna zagi da yatsan da ya yi yabon.

Baƙo a nan, baƙo a can

Hausawa ba jiya suka zo Sudan ba. Hanyar hajji ta ƙasa ta daɗe tana ajiye mutane a kan hanya, wasu a tafiya wasu a dawowa. Bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da jama’arsa, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu wajen 1906, a garin da har yau ake kira da sunansa. Aikin noman auduga na Jazira da aka buɗe a 1925 ya jawo ƙarin mutane, haka ma noman dawa da injina da aka fara a ƙasar Gadarif a shekarun 1940. Dawa da riɗin da suka sa kasuwar amfanin gona ta Gadarif ta yi suna, akwai gumin Hausawa a cikinsu. A’ishatul Fallatiya, wadda ta buɗe wa mata ƙofar waƙa a rediyon Umdurman a farkon shekarun 1940, jinin mutanen yamma ce. Duk da haka dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta sa ranar 31 ga Disamba, 1897 a matsayin iyaka: sai wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun lokacin. Jama’ar Mai Wurno sun makara da shekara tara. An sassauta dokar daga baya, amma kalmomin “Fallata” da “Takari” sun riga sun ɗauki nauyin raini a bakin wasu, kuma doka ba ta goge abin da ke bakin mutane.

Da wannan gado matashin Gadarif yake buɗe wayarsa. Abu na farko da yake samu alheri ne, kuma bai kamata a rage shi ba. Harshen da a makaranta ba a koyar da shi, wanda wasu yara ke sassauta murya idan za su yi shi a cikin mota, sai ga shi harshen miliyoyin mutane, da finafinansa da mawaƙansa da malamansa da ’yan kasuwarsa. BBC tana watsa shiri da shi tun 1957. Tashar Arewa24 tana yi da shi dare da rana tun 2014. Shirye-shirye masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So suna YouTube, duk mai ’yan kuɗin data zai kalla. Yarinyar da aka saba yi wa kallon ’yar tsiraru sai ta ga mata masu irin sunanta da irin ɗaurin ɗankwalin kakarta ana yi musu tafi. Babu wani darasin aji da zai yi mata abin da wannan kallo ya yi mata.

Abu na biyu yana zuwa ne ranar da ta buɗe baki. Hausar Sudan ta yi fiye da ƙarni tana zaune da Larabci, kamar yadda Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami’ar Hartum ya bayyana a littafinsa na 1999 a kan yadda Hausa ta saje da Larabci a ƙasar. Inda Bakano ya ari “asibiti” da “mota” daga Ingilishi, ɗan Gadarif na iya cewa “mustashfa” da “arabiyya”. Idan ya saki bidiyo da irin wannan Hausa, cikin masu sharhi daga Kano ko Kaduna ba a rasa mai tambayar wace irin Hausa ce wannan, ko mai yi masa dariya da sunan gyara. Mai dariyar bai lura ba cewa “asibiti” ɗin da yake tinƙaho da ita aro ce, kuma “kasuwa” da “littafi” da “lokaci” da yake ɗauka tsantsar Hausa daga waje suka shigo tun da daɗewa. Ga mai sharhin, wasa ne na daƙiƙa biyar. Ga yaron, ƙofa ta biyu ce aka rufe: a garin da aka haife shi an ce masa baƙo, a wajen waɗanda yake ɗauka dangi an ce Hausarsa gurɓatacciya ce. A nan ne ɗaliban Hausa suke da hannu a cikin lamarin kai tsaye, domin galibi masu irin wannan gyara ’yan makaranta ne da suka ɗauki Daidaitacciyar Hausa sandar duka, alhali an tsara ta ne don rubutu da koyarwa.

Ga kuma matsalar rubutu, wadda ba a cika lura da ita ba. Yaron Gadarif da Larabci ya yi karatu, haruffan Larabci ne a kan maballan wayarsa. Boko, wanda shi ne rubutun Hausar intanet, baƙo ne a wurinsa sai abin da ya tsinta a darasin Ingilishi. Idan ya rubuta Hausa da haruffan da ya sani, ba ajamin Kano yake yi ba. A Larabcin Sudan harafin ق ana furta shi “g”, shi ne ma harafin da ke farkon sunan Gadarif bayan “al”. A ajamin ƙasar Hausa kuwa ق na “ƙ” ne, “g” kuma da غ ake rubuta shi. Don haka idan ɗan Gadarif ya rubuta “gasa”, almajirin Zariya “ƙasa” zai karanta. Maballan Larabci ba su tanadi ɓ da ts da c ba, ba su kuma raba wasalin e da i ko o da u. Wannan ne ya sa saƙon murya da gajeren bidiyo suka fi masa sauƙi, wato daidai hanyoyin da ke fallasa karin harshensa da fuskarsa ga masu sharhi.

Fuskar ma magana ce. Fifita hasken fata tsohuwar cuta ce a Sudan kamar yadda take a Nijeriya, kuma man sauya launi ana sayar da shi a kasuwannin ƙasashen biyu. Manhajojin gyara hoto sun sauƙaƙa abin: dannawa ɗaya, fata ta yi haske, hanci ya miƙe. Yarinyar da ta ga hotonta na gyara ya fi na gaskiya samun yabo ta koyi darasi, ko da ba wanda ya furta mata shi. A wurin da launi da siffar hanci suke cikin abubuwan da ake yanke hukuncin asali da su, darasin ya wuce na kwalliya.

Waya a lokacin yaƙi

Masu kiran a ƙwace waya suna magana kamar abin wasa ne kawai. A Gadarif ta wuce haka. Garin, wanda ke da nisan kimanin kilomita 400 kudu maso gabas da Hartum, ya karɓi ’yan gudun hijirar Habasha a sansanin Um Rakuba tun ƙarshen 2020, sannan ya karɓi na cikin gida bayan faɗuwar Wad Madani a Disamba 2023 da Sinja a tsakiyar 2024. Iyalai sun warwatse tsakanin Kasala da Bur Sudan da Masar da Saudiyya. Da manhajar Bankak ta Bankin Hartum ake turo kuɗin cefane. A zaurukan WhatsApp ake cigiyar wanda ya ɓace. Ɗaliban da jarrabawar kammala sakandare ta wuce su a 2023, waɗanda ba su samu zama ba sai ƙarshen Disamba 2024, da yawa a waya suka riƙa karɓar darasi da tsofaffin tambayoyi. A gidaje da dama matashin ne ya iya sarrafa waɗannan abubuwa, shi ake kira idan saƙon kuɗi ya maƙale. Wannan ma wani tushe ne na ganin ƙimar kai, kuma mai ƙarfi, domin yaron da ba shi da aji ba shi da aiki ya ga ana bukatarsa.

’Yan Sudan sun kuma ɗanɗana rashin intanet fiye da yawancin mutane. An katse ta fiye da wata guda bayan kisan masu zaman dirshan a Hartum ranar 3 ga Yuni, 2019. An sake katsewa na makonni bayan juyin mulkin 25 ga Oktoba, 2021, sannan layukan sadarwa suka ɗauke a faɗin ƙasar a Fabrairu 2024. Babu wanda ya fito daga waɗannan kwanaki yana cewa matasa sun samu natsuwa. Abin da aka samu shi ne uwar da ba ta san inda ɗanta yake ba.

Wannan ba ya wanke kamfanonin. An gina manhajojinsu ne a kan riƙe ido, kuma abin da ke tayar da hankali ya fi riƙe ido a kan abin da ke kwantar da shi. Sharaɗin shekara 13 da Facebook da Instagram da TikTok suka gindaya, yaro na tsallake shi da sauya shekarar haihuwa. Tace kalaman ƙiyayya da Larabcin Sudan ko da Hausar da aka rubuta da haruffan Larabci aiki ne da na’urar da aka horar da Ingilishi ba ta ƙware a kai ba. A rikicin 2022 an yi ta kokawa da yadda kalaman ƙabilanci suka yaɗu a kafafen, kuma yara na cikin masu karantawa. Doka irin ta Ostareliya kuwa tana buƙatar hukuma mai iya tantance shekarun kowane yaro, da makaranta da filin wasa da za su maye gurbin abin da aka hana. Ƙasar da ke cikin yaƙi ba ta da ko ɗaya.

Abin da ya rage a hannun mutane

Iyaye suna da iko a kan lokaci fiye da yadda suke zato. Hana waya kwana a shimfiɗar yaro abu ne mai yiwuwa ko a gidan da ba a yi boko ba, kuma rashin barci na cikin hanyoyin da masana suka fi yarda cewa ta nan illar take shiga. Abin da ya fi wannan wuya shi ne uba ya zauna ya ji abin da aka rubuta wa ɗansa. Kunya tana hana yaro kawo ƙarar zagin da aka yi wa asalinsa, musamman ga ɗan fari da al’ada ta sa tazara tsakaninsa da iyaye. A nan kakanni da gwaggo da kawu suke da amfani, su da wasa ya halatta tsakaninsu da yaro. Kakar da ta ba jikarta labarin yadda aka taho daga Sakkwato ko Haɗeja a ƙafa, da garuruwan da aka yada zango, da wanda aka binne a hanya, ta ba ta amsar da za ta riƙe ranar da aka tambaye ta ’yar ina ce. Wayar da ake zargi tana da abin naɗar murya, kuma masu wannan labari suna ƙarewa.

Sassan koyar da Hausa na Kano da Zariya da Sakkwato da Katsina su ma suna da aiki. Darasin karin harshe yakan tsaya a kan Kananci da Sakkwatanci da Katsinanci da Dauranci da Zazzaganci da Bausanci, a ɗan taɓa na Nijar da Gana, a wuce. Ɗalibin da aka koya masa cewa Hausar Gadarif kari ce mai tarihi da ƙa’ida ba zai yi mata dariya a ƙarƙashin bidiyo ba. Littafin Abu-Manga ya fito shekara biyar kafin a kafa Facebook a 2004, don haka Hausar da ya bayyana ta iyaye da kakannin matasan yau ce. Jikokin suna magana da Hausar da ta haɗa Larabcin makaranta da kalmomin da suka tsinta a finafinan Kano, suna rubuta ta da ƙa’idar da suka ƙirƙira da kansu a kan maballan waya. Mai neman batun digiri na biyu zai iya fara tattara wannan daga ɗakinsa, da sharaɗin ya nemi izinin masu muryar da na iyayensu, ya ɓoye sunayensu, ya kuma mayar musu da abin da ya rubuta cikin haruffan da za su iya karantawa.